Ƙiba da rashin barci: "gadon gidanmu ne" rabin magana ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu taɓo wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, take kuma hana da yawa daga cikinsu neman lafiya tun abu yana ƙarami. Za a ɗora mutum a sikeli a ce masa nauyi ya yi yawa, ya ce, "Gadon gidanmu ne, haka tsohuwarmu take, haka gwaggonnina suke." Wani kuma matarsa ce za ta kawo ƙarar minsharinsa, ya ce ai haka babansa ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa. Can gefe ga masu gori, waɗanda a wurinsu duk mai teɓa mai haɗama ne, duk mai gyangyaɗi rago ne. Kowane ɓangare ya kama wani abu na gaskiya ya saki sauran. Gado yana da hannu, babba ma kuwa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin zaman da muke yi yau, tsagar da ta fi faɗi, wadda aka fi wofintarwa, ita ce barci.

Mu fara ba wa gado haƙƙinsa, kada a ce mun yi masa ƙwange. A 1986 wani likita Ba'amurke, Albert Stunkard, da abokan aikinsa suka duba mutum 540 a Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Da suka girma, jikinsu bai bi na masu riƙonsu ba, duk da tukunya ɗaya suka ci. Na iyayen da suka haife su ya bi, musamman uwa. A 1990 ya sake dubawa a Suwidin, wannan karon tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun yarinta, kowa ya tashi a gida dabam. Nauyinsu ya yi kusa da juna, kusan kamar na tagwayen da suka tashi a ɗaki guda. A wannan shekarar dai, a Kebek ta Kanada, Claude Bouchard ya bayyana sakamakon wani gwaji: tagwaye maza haɗi 12, aka riƙa ƙara wa kowannensu kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 1,000 a kan abincinsa, kwana 6 a mako, cikin kwana 100. Ƙarin iri ɗaya ne ga kowa, amma wani kilo 4 da ɗoriya ya ƙara, wani kilo 13. Kuma idan Hassan ya ƙara da yawa, Husaininsa ma da yawa yake ƙarawa, har wurin da kitsen ke taruwa a jiki.

Daga irin waɗannan ne masana suka ce gado yana ɗaukar kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi. A fahimci wannan lissafi da kyau. Ba a ce kashi 70 na tumbinka gado ne ba. Cewa aka yi, idan an ɗauki mutanen gari ɗaya masu cin kasuwa ɗaya, aka tambayi me ya sa wane ya fi wane jiki, to rabin amsar ko fiye tana cikin abin da kowa ya gada. Idan garin ya canza, kowa zai motsa.

Abin da ake gada kuwa, galibi yunwar ce, kitsen daga baya yake biyowa. Wani zai ci malmala biyu ya ture kwano, ƙaninsa ya ci uku, bayan awa biyu cikinsa na kiran ciroma. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, da aka gano a 1994, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoton cewa akwai ajiya a rumbu. Ciki kuma yana fitar da girelin, da aka gano a Japan a 1999, shi ne mai buga ƙararrawar yunwa. Yawancin ƙwayoyin gadon da aka danganta da ƙiba, wato ƙwayoyin halitta da mutum ke karɓa daga iyaye, a ƙwaƙwalwa suke aiki, a wurin da ake sauraren waɗannan saƙonni. Waɗannan ƙwayoyi sun kai ɗaruruwa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Wadda ta fi suna, FTO, an bayyana ta a 2007, kuma wanda ya gaji nau'inta mai jawo ƙiba ta uwa da ta uba kilo 3 ne kacal yake fin waninsa a matsakaicin lissafi. Ko wannan ma, an ga motsa jiki yana rage ƙarfinta da kusan kashi 30 cikin 100.

Akwai 'yan ƙalilan da ƙwaya ɗaya tak ce ta lalace musu. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka gano wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu Pakistan, daga zuriyar da ake yawan auren zumunci, waɗanda jikinsu ba ya fitar da leptin sam. Ba sa ƙoshi. Da aka fara yi wa masu irin wannan lalura allurar sinadarin, yunwar ta kwanta, jikin ya sauka. Tun da auren zumunci ba baƙo ba ne a wurinmu, muna jan hankalin iyaye: yaron da bai kai shekara 5 ba, ya yi ƙibar da ta wuce misali, yana kukan abinci ko yanzu ya tashi daga kan kwano, likitan yara ya kamata ya gani. Duka da gori ba za su gyara shi ba.

To ina rawar muhalli? Shaidar da ta fi kusa da mu daga gida take. Masu bincike na Jami'ar Loyola a Chicago, ciki har da Richard Cooper da Amy Luke, sun kwatanta iyalai a Jihar Oyo da iyalan baƙar fata a Jamaika da na wani gari a gefen Chicago, mutanen da tushensu duk Afirka ta Yamma ne. A wurare ukun, rabon gado a nauyi ya zo kusan ɗaya, wajen rabi. Amma ƙiba kaɗan ce a Oyo, ta ƙaru a Jamaika, ta yi tashin gwauron zabo a Amurka. Haka ƙabilar Pima: waɗanda ke Arizona ta Amurka kashi 38 cikin 100 na manyansu na da ciwon suga, 'yan'uwansu manoma a duwatsun Meksiko kuwa kusan kashi 7. A nan Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, alhali kashi 12 ramammu ne. Jinin kakanninmu ne dai a jikinmu. Abin da ya tafi shi ne daka da surfe da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa, abin da ya zo kuma babur har ƙofar gida, lemon kwalba a kowane biki, da wayar da ba ta barin ido ya rufe.

Muhallin farko ma mahaifa ce. 'Ya'yan matan da yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ta riska da ƙaramin ciki sun fi sa'o'insu ƙiba da suka zama samari. A Inugu, wani bincike na 2010 ya samu waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi yawan hawan jini da matsalar suga da nauyi bayan sun kai shekara 40. Jaririn da ya sha wahala a ciki jikinsa yakan koyi tattali, idan ya tarar da wadata daga baya sai ya yi ta ajiya. Ke nan ciyar da mai ciki yadda ya kamata rigakafin ƙibar ɗanta ne.

Yanzu ga inda muka nufa. A 2012 Nathaniel Watson na Jami'ar Washington ya duba tagwaye haɗi 1,088, ya kasa su gwargwadon barcinsu. A cikin masu barcin ƙasa da awa 7, gado ya ɗauki kashi 70 cikin 100 na bambancin nauyi. A cikin masu awa 9 ko fiye, kashi 32 kawai. Ba muna cewa kowa ya kwanta awa 9 ba ne. Darasin shi ne, ƙarancin barci yana sakar wa gadon ƙiba linzami.

Yadda yake yin hakan ma an auna. A Jami'ar Chicago a 2004 aka bar samari 12 su kwanta awa 4 kawai na dare biyu, wani karon kuma awa 10. Bayan gajeren barcin leptin ya faɗi da kashi 18, girelin ya hau da kashi 28, yunwa ta ƙaru da kashi 24, kuma kayan zaƙi da na gari ransu ya fi biya. A 2010 aka sa wasu masu son rage nauyi a kan abinci iri ɗaya na mako biyu. Da barcin awa 8 da rabi, kilo 1.4 na abin da suka sauke kitse ne. Da awa 5 da rabi, kitsen kilo 0.6 ne kawai, sauran tsoka ce da makamantanta suka zube. A 2022 kuma aka juya gwajin: mutum 80 masu nauyi da ba sa kai awa 6 da rabi, aka koya wa rabinsu gyaran barci, suka ƙara awa ɗaya da 'yan mintoci. Ba wanda ya ce musu su rage ci, amma abincinsu ya ragu da kimanin kalori 270 a rana.

A leƙa teburin mai shayi da ƙarfe 12 na dare. Magidanci ya taso daga majalisa, ya ci tuwon dare tun ƙarfe 8, yanzu cikin ya sake kira. A dafa masa indomi ƙanana biyu, kimanin kalori 600 ke nan. Ƙwai biyu, 150. Man da aka tsiyaya a kasko ba zai gaza babban cokali biyu ba, kowane cokali 120. Shayi da sukari ƙaramin cokali biyar, 80, ba a sa madara da burodi a lissafi ba. An haura 1,000, daidai ƙarin da aka riƙa ɗura wa tagwayen Kebek. Da ya kwanta ƙarfe 10, wannan kwanon ba zai shiga cikinsa ba.

Shi ma barcin akwai gado a cikinsa. Jiki yana da agogo na kusan awa 24, kuma waɗanda suka gano ƙwayoyin da ke juya shi, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, su suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2017. Agogon wani yana gaba, da an idar da Isha'i idonsa ya yi nauyi. Na wani yana baya, musamman a shekarun samartaka, shi ya sa matashi ke wahalar tashi da Asuba ba lallai don taurin kai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na saurin kamuwa da rashin barci ma gado ne. Akwai kuma masu gajeren barci na haƙiƙa: a 2009 Ying-Hui Fu ta gano wata uwa da 'yarta masu canji a ƙwayar DEC2, waɗanda awa 6 da kwata ke isarsu garau. Irinsu ba su da yawa ko kaɗan, kuma a lura, awa 6 aka ce, ba 4 ba. Mai cewa "ni awa huɗu ta ishe ni" ya gwada kansa: yana gyangyaɗi lokacin huɗuba? Yana ɓingirewa da zarar mota ta hau titi? Sai da goro yake kai La'asar? Ranar hutu yana kai hantsi a kwance? Idan ya amsa e, bashin barci ne a kansa.

Babban mutum yana buƙatar awa 7 zuwa sama, matashi 8 zuwa 10, yaro ɗan 6 zuwa 12 kuma 9 zuwa 12. Mu da ke tashi wajen ƙarfe 5 don Asuba, lissafinmu daga can yake farawa a ƙirgo baya: awa 7 ta faɗa ƙarfe 10 na dare. Wanda ba zai samu haka ba ya cike da komawa bayan Asuba idan aikinsa ya bari, ko ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar. Barcin bayan La'asar yana cin na dare. Ba sabon abu muka kawo ba, domin ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i. Abin da ke saita agogon jiki shi ne haske: a fita hasken safe na minti 20 zuwa 30, a rage fitila da dare, a ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, a nesa da shimfiɗa. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, har ranar hutu.

Shayin majalisa da goro da kofi da lemon ƙara kuzari duk akwai sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci a cikinsu. Hanta tana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ta rage rabinsa, wato wanda ya sha mai kauri da ƙarfe 9, rabinsa na yawo a jininsa da ƙarfe 2. Saurin wannan aiki na hanta shi ma akwai gado a ciki, shi ya sa abokinka zai sha zagaye uku ya yi barcinsa, kai ka kwana kallon silin. Kada ka auna kanka da shi. A jikin mai ciki kuma ya fi daɗewa sosai. Mai matsalar barci ya tsaya daga Azahar. Zafin bazara ma abokin gaba ne, domin sai zafin cikin jiki ya ɗan sauka barci ke kamawa. Wanka kafin kwanciya, tufafin auduga, da kwana a tsakar gida cikin gidan sauro suna taimakawa. Janareto kuwa kada a kusanto da shi ɗaki ko taga don neman fanka, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci. Masu aikin dare, masu gadi da nas-nas da direbobi da 'yan gidan burodi, su ci babban abincinsu kafin shiga aiki, su guji mai nauyi tsakanin tsakar dare da Asuba, su kwanta a ɗaki mai duhu da sun dawo.

Batun minshari muna so mu daɗe a kansa, don an mayar da shi abin dariya alhali yana kisa. Idan mutum ya yi barci, tsokar harshe da ta maƙogwaro takan saki. Wanda hanyar iskarsa ƙunci gare ta, sai bangon ya riƙa karkarwa, wannan ne ƙarar. Idan ta rufe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya. Matar gida ta fi kowa sanin wannan: ƙarar tana hawa, tana hawa, sai ɗif, ɗaki ya yi tsit, ƙirjinsa na ɗagawa amma iska ba ta shiga, daƙiƙa 10, 20, wani lokaci fiye, sai ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya juya, a sake sabon lale. Da safe ya rantse bai farka ba ko sau ɗaya. A gwajin barci ana ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa ɗaya: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Kowane tsayawa iskar jini na faɗuwa, zuciya na bugun firgita. Ƙarshensa hawan jinin da magani uku ba sa saukarwa, suga, shanyewar ɓarin jiki, raunin mazakuta, da direba ya yi barci a kan sitiyari.

Gado yana shiga nan ta ƙirar fuska: ƙaramar haɓa da ta ja baya, babban harshe, gajeren wuya. Shi ya sa siriri ma yana iya samu. Ƙiba kuma tana tara kitse a wuya da cikin harshe kansa. Wani bincike a Wiskonsin ta Amurka a 2000 ya nuna ƙarin nauyi da kashi 10 cikin 100 yana ƙara yawan tsayawar numfashi da kimanin kashi 32, raguwar kashi 10 kuma tana rage shi da kashi 26. Ga da'irar: ƙiba ta toshe iska, barci ya lalace, yunwa da kasala su ƙaru, ƙiba ta ƙaru.

Likitoci suna duba abu takwas: minshari mai ƙarfi da ake ji ta bayan ƙofa, gajiya da gyangyaɗin rana, wani ya ga numfashin na tsayawa, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Mai uku daga ciki ya nemi likita, mai biyar ya gaggauta, a babban asibiti sashen ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Babban maganinsa na'ura ce mai suna CPAP, mai hura iska ta takunkumin hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Tana aiki ƙwarai, amma sai da wuta duk dare, don haka mai saye ya yi lissafin batiri ko sola tun farko, ya kuma tabbatar takunkumin ya zauna masa, domin yoyon iska ne ke sa yawancin mutane su jefar da ita. Kafin a kai nan, a daina kwanciyar rigingine. A ɗinka aljihu a bayan tsohuwar riga a sa ƙaramar ƙwallo, a ɗaga wajen kai na gado, a yi maganin toshewar hanci. Ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin suna ƙara sakin maƙogwaro, haɗari ne a gare shi. Kai shi wurin wanzami a cire belu ba zai buɗe hanyar ba, don toshewar tana can gindin harshe da bangon maƙogwaro, ga zubar jini da ɗaukar cuta. Yaro mai minshari kullum, yana barci baki buɗe, yana fitsarin kwance bayan ya daina, yawanci ƙululun maƙogwaronsa da na bayan hanci ne suka girma, kuma aikin likita yana warkar da mafi yawansu. Iyayen masu sikila su fi kowa sa ido.

Wanda kuma barcin ne ba ya zuwa, dare 3 a mako har wata 3, abin da masana suka sa a gaba horo ne kafin ƙwaya. Ya rubuta lokacin kwanciya da na tashi na mako biyu. Idan ya ga yana awa 9 a shimfiɗa amma barcin awa 6 ne, ya rage zaman shimfiɗar zuwa awa 6, kada dai ya gaza 5 da rabi, da tsayayyen lokacin tashi. Idan ya kwanta kamar minti 20 bai yi barci ba, ya tashi ya zauna a haske kaɗan, ya yi lazimi ko karatu mai sanyi, sai ido ya yi nauyi ya koma. Duk makon da barci ya cinye kashi 85 cikin 100 na lokacin kwanciyarsa, ya ƙara minti 15. Makon farko da wuya, a nan mutane ke sarewa. Mai farfaɗiya, mai lalurar ƙwaƙwalwa da direba kada su yi wannan sai da likita. Ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam da danginsa da ake saya a kemis suna kama jiki cikin 'yan makonni, wanda ya daɗe a kansu kuma a hankali ake janye masa. A kuma nemi abin da ke ƙarƙashi: damuwa, yawan fitsarin dare na suga, ƙwannafi, ko ƙafar da ke damun mutum da son motsi da zarar ya kwanta. Wannan ta ƙarshe tana bin dangi, tana yawaita ga masu ciki, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana tayar da ita, don haka a yi gwaji, a kuma raba shayi da lokacin cin abinci. Dannau ma, da ke firgita mutane, ya fi samun mai bashin barci da mai kwanciyar rigingine.

Ba za mu wuce ba mu ambaci sha-ka-fashe ba, don yana ci mana rai. Yarinya siririya ce ta gado, lafiyarta ƙalau, ana gab da biki a ce sai ta ciko. Abin da ake haɗa mata yawanci biyu ne. Sifuroheftadin, maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da sa barcin rana. Deksametason kuwa yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya siranta hannu da ƙafa, ya yayyaga fata, ya jawo suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya kuma hana barcin dare. Wadda ta sha shi fiye da mako uku kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin, tana iya faɗuwa. Ta je a rage mata a hankali. Wasu magungunan asibiti ma, na farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa, suna ƙara nauyi. Ba a daina su da ka, a gaya wa likita ya duba ko akwai madadi.

Awo a gida ba ya buƙatar kuɗi. A raba nauyi da tsawo sau tsawo: mai kilo 80 da tsawon mita 1.65, zai raba 80 da 2.72, ya samu 29.4. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce. Wanda ya fi wannan faɗar gaskiya shi ne ƙugu. A sa tef ɗin tela tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya, bayan an saki numfashi, ba a tsuke ciki ba. Namiji kada ya wuce santimita 94, mace 80. Idan babu tef, a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu. In ba ta zagaye cikin ba, akwai aiki.

Aikin kuwa ba komawa jikin samartaka ba ne. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, ya isa ya taɓa suga da hawan jini da minshari. Rabin kilo a mako ya wadatar. A fara da abin sha, don yawancin lemon kwalba na ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowace mililita 100, kwalba mai rabin lita ta cinye giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyakar yini. Zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari duk tafiyarsu ɗaya. A auna mai da cokali maimakon tsiyayawa, a rage malmala a ƙara miyar ganye da wake da zogale, a gama cin dare awa 3 kafin kwanciya, a yi tafiya mai sauri minti 30 kwana 5 a mako. Jiki zai yi gardama, yunwa takan ƙaru bayan an rame har tsawon shekara, kuma mai gadon ƙiba ya fi jin wannan. Ya cancanci a taya shi, ba a yi masa dariya ba. Wanda ya yi duk wannan abin ya faskara, akwai magunguna da tiyata da likita zai iya dubawa, ba shayin rage tumbi na intanet ba.

Roƙonmu ga abokan aiki a asibitoci da ɗakunan shan magani, Malam Edita, shi ne a ajiye tef kusa da na'urar awon jini, kuma duk wanda ya zo da hawan jini ko suga ko ƙiba a ƙara masa tambaya uku: ƙarfe nawa kake kwanciya, ƙarfe nawa kake tashi, kuma me mai ɗakinka take ji da dare? Idan mace ce, a tambayi maigidan ko 'ya'yanta, domin mata kan ji kunyar faɗin suna minshari, kuma bayan ɗaukewar al'ada lalurar tana yawaita a cikinsu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Kano.